Zaɓen bawul ɗin riƙe kaya ga babbar silinda: shawara ga ƙannena

Ƙannena masu koyon gyaran haidrolik a garejojin Damagaram, duk silindar da ke ɗaga kaya sama da kan mutane tana bukatar bawul da zai riƙe nauyin idan tiyo ya fashe ko injin ya mutu, kuma wajen zaɓen wannan bawul ne na yi kurakuran da ba na so ku maimaita.

Da farko da girman bakin bawul nake saye. In cire tsohon, in aika Kano a nemo wanda bakinsa ya yi daidai, ina ɗauka cewa man da famfo ke turawa shi ne zai ratsa bawul ɗin. Ba haka ba ne, domin sandar ƙarfen da ke shiga da fita daga silinda tana cinye wuri a gefe ɗaya na fistan, wato faifan da mai ke turawa a cikin silindar. Silinda mai faɗin milimita 100 da sanda mai milimita 70, idan famfo ya tura lita 120 a minti ta gefen sanda, abin da zai fito ta gindi ya kusa lita 235. Na taɓa ɗaura bawul na lita 120 a irin wannan wuri a injin ɗaga kaya, sai hannun injin ya riƙa sauka da kyar, man ya yi zafi har tanki ba ya taɓuwa, robobin silinda suka fara yoyo.

Da na gane haka sai na zarce, na sayo mafi girman da na samu, ina ganin yalwa ba ta ɓata abu. Bawul da ya yi wa aikinsa yawa, da ya ɗan buɗe sai mai ya kwarara fiye da kima, kaya ya zabura ƙasa, matsin da ya buɗe shi ya faɗi, ya rufe gam, ya sake buɗewa. Na ga buhunan siminti suna saukowa da fizga, sarƙa tana kaɗawa, masu dako suna gudu, kuma har yau ina gode wa Allah da ba wanda ya ji rauni. Ku auna man da ke fita daga silinda, ku zaɓi bawul daidai da shi.

Iri ma yana da muhimmanci. Bawul mai hanya ɗaya wanda matsi ke buɗewa yana riƙe kaya ba ɗigo, amma buɗe da rufe kawai ya sani, don haka ya fi dacewa da ƙafafun da mota ke kafewa da su. Kayan da ke sauka da nauyinsa yana bukatar bawul ɗin daidaita sauka, wanda ake saitawa a kusan ninki 1.3 na matsin kaya mafi nauyi: idan agogon awo ya nuna bar 150 (bar shi ne ma'aunin matsi), a saita shi a bar 195. Yana kuma sakin mai idan matsi ya haura, abin da ke da amfani ƙwarai a nan, inda zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40 kuma man da aka kulle cikin silinda a rana yake kumbura. Ku duba lambar da ke jikinsa, wadda ke nuna yawan matsin da ake bukata daga famfo kafin ya buɗe: 10:1 yana buɗewa da ɗan matsi amma ya fi saurin rawa, 3:1 ya fi cin ƙarfi amma saukarsa a natse take, kuma shi nake zaɓa ga dogon hannu mai lilo.

Ku ɗaura shi a jikin silinda kai tsaye, ko da bututun ƙarfe, domin tiyon roba tsakaninsu ya rushe amfaninsa gaba ɗaya. Ku toshe bakunan bawul ɗin da kyau lokacin hunturu, saboda ƙwayar yashi ɗaya a mazaunin bawul ta isa ta sa kaya ya riƙa zamewa. Gwajin farko kuma ku yi shi da kaya kusa da ƙasa, a kashe injin, a sa alama a sanda, a dawo a duba ko ta motsa.