Sauro ma yana yawo da nasa bairos

Duk damina, da zarar kwatocin Tudun Wada da Rigasa a Kaduna sun cika sun tsaya cak, hirar mutane ba ta wuce sauro da maleriya. Ni da nake koyar da ilimin halittu a sakandare, wani abu daban ne ya ɗauke min hankali a bana: sauron nan da ke hana mu barci yana ɗauke da ƙwayoyin bairos nasa na kansa, waɗanda ba sa kama mutum ko kaɗan.

Masana sun daɗe da sanin haka. Tun 1975 aka gano na farko a Amurka, cikin ƙwayoyin jikin sauron Aedes aegypti da ake reno a ɗakin gwaji. Daga baya aka samu wani a Kenya aka laƙaba masa sunan kogin Kamiti, a 2007 kuma masu bincike a Japan suka ba da labarin wani a jikin sauron Culex. Yanzu da karanta ƙwayoyin gado ya yi sauƙi, kusan duk birnin da aka kama sauro aka niƙa aka duba, sai a tarar da su birjik. Ko sauron ya cije ka, ba za su iya hayayyafa a jikinka ba. Galibi uwar sauro ce ke gadar wa 'ya'yanta su ta cikin ƙwai.

Da na kawo zancen a aji, wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, tunda ba sa kama mu, ina ruwanmu?”

Da ruwanmu kuwa. Da yawa daga cikinsu dangi ɗaya suke da bairos ɗin denge da shawara da Zika, kuma jikin sauro ɗaya suke zama. Kamar gidan haya ne: wani ɗan hayar idan ya riga shiga sai ya hana baƙo sakat, wani kuma shi zai buɗe masa ƙofa. A Ostareliya an samu wanda ake kira Palm Creek, da aka nuna yana dakushe bairos ɗin zazzaɓin Yammacin Nilu. Amma a 2023 wani bincike da masana daga Brazil suka jagoranta ya nuna akasin haka: wasu guda biyu da suka yawaita a jikin Aedes aegypti na birane suna ƙara masa ƙarfin yaɗa denge da Zika. Shi ya sa idan na ji ana ɗokin cewa an samu makamin yaƙi da sauro, nakan ce a bi a sannu. Inda na fi ganin alheri shi ne riga-kafi, don an yi amfani da bairos ɗin Eilat, ɗaya daga cikin irin waɗannan na sauro da aka samo a Isra'ila, wajen gwada haɗa allurar cutar cikungunya, wani zazzaɓi da sauro ke yaɗawa.

Mu a Kaduna sauro duk sauro ne, zazzaɓi kuma duk maleriya ne, a wuce kemis a sayi magani. Alhali ba haka ba ne. Mai kukan nan a kunne da ke fitowa daga kwata da masai yawanci Culex ne. Anopheles ne ke kawo maleriya, ita kuma ba ma bairos ba ce. Aedes, mai ɗigon fari a ƙafafu, shi ke kawo denge, kuma da rana yake cizo, don haka gidan sauro ba ya tare shi. A ƙarshen 2023 an tabbatar da ɓullar denge a Sakkwato, ba wata duniya ba.

Da zan samu yadda nake so, da ɗalibanmu na jami'o'in Kaduna da Zariya sun bi unguwa-unguwa suna kamo Aedes ana duba wane irin bairos ke jikinsa, mai hanawa ne ko mai taimakawa. Ba sai sun sha wahalar nema ba: tsofaffin tayoyi a wurin masu faci, da durom-durom ɗin da muke tara ruwa saboda famfo ba ya zuwa, nan yake zuba ƙwai.