Na je sarin kaya, na ɓuge da neman dolfin

Kwana huɗu ke nan da dawowata Kano, amma warin ƙauyen Tai O na Hong Kong bai bar hancina ba. Sarin kayan waya ne ya kai ni Guangzhou kamar kullum, sai masu kayan suka ce sai bayan mako guda. Da yake ina da bizar Hong Kong a fasfo, abokin cinikina ɗan Sin ya ce: "Alhaji, zaman otal asara ne, zo mu bi ta Zhuhai ka ga gada."

Gada kam na gan ta, ita ce ta haɗa birnin Zhuhai da Hong Kong da Makau. Tsawonta kilomita 55, alhali Third Mainland ta Legas da muke cika baki da ita ba ta kai 12 ba. A 2009 aka fara aikin, aka buɗe ta a Oktoban 2018. Ana tsakiyar teku sai bas ɗin ta sulale cikin rami a ƙarƙashin ruwa, kusan kilomita 7, don manyan jiragen ruwa su wuce ta sama. Ni dai salati na yi ta yi har muka fito. Kuɗin mota dalar Hong Kong 65, wallahi ya yi araha. Wani jami'i ne ya ɓata min rai a bakin iyaka: ya ga koren fasfo, ya tsayar da ni kusan minti arba'in, ƙarshe ya turo min shi ta kan tebur ko fuskata bai kalla ba.

Tai O ƙauyen masunta ne a yammacin tsibirin Lantau, gidajensu a kan turaku cikin ruwa. Suna shanya wani kwaɓin jatan lande a faifai, warinsa daddawa ma ta sallama. Wani tsoho mai kwalekwale da ke kai mutane kallon dolfin ya faɗi kuɗinsa, na taya yadda muka saba a Farm Centre, ya yi dariya ya nuna min allon farashi.

Mun yi minti goma ba komai. Can sai wani abu ya ɓullo kusa da mu, launin ruwan hoda sak, ya fesar da numfashi "fuu", ya nutse. Wani ƙarami mai ruwan toka na manne da gefensa. Dolfin ɗin ke nan. Ashe da duhu ake haifarsu, suna girma suna washewa, hodar kuma jijiyoyin jini ne a ƙarƙashin fata. Ba kifi ba ne, shayarwa yake yi kamar ayun Binuwai.

Tsohon ya nuna arewa, inda ƙafafun gadar suka jeru, abokina yana yi min tafinta. Da can, in ji shi, dolfin sun cika arewacin Lantau. Da aka fara kafa ginshiƙai da cike teku da ƙasa, suka watse zuwa yamma da kudu. Dabba ce mai laluben abinci da sauti, ƙarar inji tamkar tsone mata ido ne. A 2003 an ƙiyasta 188 a ruwan Hong Kong, zuwa 2017 ba su kai 50 ba. Gwamnati ta keɓe musu wani yanki a tsibiran Brothers a 2016, aka taƙaita gudun jirage a ciki, amma ni a ganina ihu bayan hari ne, don masu gidan sun riga sun tashi. Abin da ya fi tsaya min a rai, a 2020 da korona ta tsayar da jiragen fasinja masu gudu na Makau, sai aka riƙa ganinsu da yawa a kudancin tsibirin. Namu kwalekwalen ma ƙugi yake kamar janareto, na ɗan ji kunya.

Makau ban shiga ba. Na koma Guangzhou ta jirgin ƙasa, na tarar da kayan, katan biyu ba su cika ba, muka kwana muna rigima da mai shago.