Sun mayar masa da abin fuskarsa

Asabar, Unguwar Rimi.

Hazo ya sauko tun asuba, sai da na sa takunkumi kafin na leƙa Kasuwar Barci. Da na dawo na tarar da wuta, autanmu ya matsa sai mun kalli Spider-Man 2, na 2004. Na sha kallonsa, amma yau wurin jirgin ƙasan nan ya tsaya mini a rai.

Spider-Man ya tsayar da jirgin da ƙyar, fuskarsa a buɗe, ya suma. Fasinjoji suka tallabe shi, suka shigo da shi, suka ga ashe ɗan saurayi ne. Sai yara biyu suka miƙo masa abin rufe fuskarsa, suka yi alkawarin ba wanda zai ji. Auta ya ce, "Yaya, me ya hana su tona shi?" Kafin in buɗe baki Mama, tana tsince wake, ta ce, "Rufin asiri ke nan. Wanda ya suturta wani, Allah zai suturta shi."

Ta faɗi abin da na daɗe ina nema. Yaron nan ba kunya ce ta sa yake rufe fuska ba, tsoro yake kada maƙiya su bi ta kansa su taɓa matar baffansa da ta rene shi. Talaka ne, kuɗin haya ma gagararsa yake. Shi ya sa ban taɓa jinjina wa Iron Man ba da ya fito gaban 'yan jarida a fim ɗin 2008 ya bayyana kansa. Mai dukiya da masu gadi, me zai same shi?

Na tuna hawan sallah a Zariya, sarki da amawali ya rufe baki. Sarauta kake gani, mutumin da ke ciki da gajiyarsa sai iyalinsa. Jarumin fim Chadwick Boseman ma ya faɗo mini. Tun 2016 yake fama da kansar hanji, da ita ya yi fim ɗin Black Panther, duniya ba ta sani ba sai da ya rasu a Agustan 2020. Na kusa da shi sun riƙe masa amana shekara huɗu.

An kira isha'i muka kashe. Auta ya ɗauke takunkumina baƙi, wai gobe zai zana masa yanar gizo da alli. Na bar masa.