Kafin Ɗalibi Ya Shiga Intanet

A ganina, abin da ya fi wahalar da ɗalibai a aikin bincike shi ne fara nema tun ba su san abin da suke nema ba. Idan malami ya ba da batu mai faɗi kamar sauyin yanayi, ya kamata ɗalibi ya taƙaita shi zuwa tambaya guda, misali yadda ƙarancin ruwan sama ke shafar amfanin gona, sannan ya nufi ɗakin karatu ko Google Scholar. Wikipedia ma tana da rana, sai dai madogaran da ke ƙasan shafinta sun fi bayanin sama daraja. Duk abin da aka ɗauko kuwa, a rubuta sunan marubucinsa da shekara da lambar shafi nan take, domin nemo su ana gobe za a miƙa aiki ba ƙaramar wahala ba ce.