Karatun da na ajiye, shi ya riƙe ni

Na sauka birnin Hamburg na ƙasar Jamus shekara ɗaya kafin faɗuwar katangar Berlin ta 1989, da niyyar in karanta kimiyyar sinadarai in juya gida da digiri a hannu. Shekara huɗu na ɗibar wa kaina. Yau furfura ta cika min kai, ina nan a bakin kogin Elbe, digirin kuwa ban taɓa karɓar sa ba.

Guzuri ne ya ƙare tun tafiya ba ta yi nisa ba. Sai na shiga dako a tsofaffin ɗakunan ajiya na jan bulo da ake kira Speicherstadt, inda ake tara gahawa da koko da shayi da dardumai. Buhun algarara mai kilo 60 nake sungumowa da safe, da rana in ruga aji ina gyangyaɗi. Da na ga taura biyu ba za su taunu ba, na ajiye jami'a, na shiga koyon aikin fiton kaya da takardun kwastan, irin koyon Jamusawa: wasu kwanaki a kamfani, wasu a makarantar sana'a. Wasiƙar da na rubuta wa mahaifina a kan wannan shawara ta yi wata biyu a aljihuna kafin in iya aika ta. Kunya ce ta riƙe ta, ba tsoron talauci ba. Na zo neman suna, ga shi zan zama mai cike takardu.

Ina dab da gama koyon, ranar 1 ga Janairu 1993 kasuwar bai-ɗaya ta Turai ta fara aiki, aka daina binciken kwastan a kan iyakokin da ke tsakanin ƙasashen da ke cikin kasuwar. Takardun da kamfaninmu ke ci da su suka zama tarihi, aka sallame mu. Abin da na fara koya ke nan: hanyar da na zaɓa don tana da tabbas, ita ce ta fara rushewa.

Abin da ya cece ni, karatun nan ne da na yi watsi da shi. Wani mai shigo da gahawa yana neman wanda ya san buhu kuma ya san ɗakin gwaji. Ɗanyar gahawa idan danshinta ya haura kashi 12.5 cikin 100, fumfuna na iya kama ta a cikin kwantena, wata fumfunar kuma tana fitar da guba mai suna ochratoxin A wadda ke yi wa ƙoda illa. Masu digiri sun fi ni sanin sinadarin. 'Yan dako sun fi ni hancin gane buhun da ya sha ruwa. Amma ni kaɗai ne a wurin na zauna da duka biyun, ina jin maganar kowa. Sama da shekara 30 na yi a wannan tsakanin, kuma ina son aikin har cikin raina, musamman lokacin da nake koya wa matasa su shinshina samfur kafin su amince da na'ura.

Zaman kuwa ban taɓa yanke shawararsa ba. Kowace shekara cewa nake baɗi zan koma. Da baɗi-baɗi aka haifi 'ya'yana, kuɗin Jamus na mark ya ba yuro wuri a 2002, ɗakunan da na yi dako a ciki suka koma ofisoshi da gidajen tarihi, har hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta saka su cikin kayan tarihin duniya a 2015. Da baɗi-baɗi mahaifina ya rasu, ta waya na ji, ina tsaye da samfur a hannu. Wannan ba ya cikin kasadar da na lissafa, kuma shi ne ya fi kowanne tsada.

A watan Yunin 2024 Jamus ta ba da damar mutum ya zama ɗan ƙasa ba tare da ya saki fasfonsa na asali ba. A makon na cike takardun. Har yanzu suna cikin aljihun tebur, kusa da amsar da mahaifina ya aiko min, ban sa hannu ba tukuna.