Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da buhun wake ya kunyata ni

Jama'a barkanmu da warhaka. Makon jiya mun tsaya a shigata aji uku a jami'a, to yau labarin firizenteshan ɗin gurup ɗinmu ne, wanda har yanzu in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mu shida aka haɗa, aka ba mu batun adana wake bayan girbi, musamman buhun nan na PICS da masanan jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. Ni lokacin ina ji da kaina sosai, ni na naɗa kaina shugaba, ni na je kasuwar Dawanau na yi hira da 'yan hatsi, ni na haɗa silaid a laftof ɗin aro. Wani a cikinmu kuɗin firintin kawai ya miƙo ya ce shi ya gama nasa. Akwai kuma wata 'yar Gumel, shiru-shiru, turancinta sai a hankali, na ce mata ke dai ki tsaya gefe ki riƙe buhun da za mu nuna, ba sai kin yi magana ba.

Muna silaid na huɗu aka ɗauke wuta, janareto kuma ba mai. Malam ya ce ku ci gaba da baki. Ban damu ba tunda na haddace, na zubo musu yadda buhun yake da leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, iska ta ƙare ƙwari su mutu ba tare da an sa magani ba, har ina wani ɗaga hannu.

Sai Malam ya ce to manomi ya zuba wake ya ɗaure, bayan wata uku ya tarar ya lalace, me ya jawo? Wallahi tsit na yi, gumi kawai nake.

Sai naji muryarta, Malam don Allah zan iya haɗawa da Hausa? Ya ce bismillah. Ta ce ko waken bai bushe sosai ba aka zuba, ko ledar ta huje, shi ya sa babanta sai ya cika ta da iska ya matsa ya gani kafin ya zuba, ko kuma an ɗaure su duka a haɗe alhali kowace leda murɗe bakinta ake a lanƙwasa a ɗaure ta daban, ga masu buɗewa kullum suna ɗiban na girki, ga ɓera. Tana faɗa tana ɗaurewa a gabansu da igiyar da ni ban ma san ta zo da ita ba.

Malam ya juyo ya ce kai shugaba, ina ka ɓoye ta?

Da muka fito na bi ta ina kame-kame, na ce me ya sa ba ki faɗa min kin san duk wannan ba? Ta ce ai ba ka tambaye ni ba ne, buhu ka ce in riƙe.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin rigimar da muka kwasa da mai kuɗin firintin ranar da maki ya fito.