Dare na biyar a gidan Mama

Alhamis, Buruklin, birnin New York. Har yanzu hannuna warin albasa yake. Tun bayan azahar nake gurza dankalin Turawa, Mama na zaune a kan kekenta na marasa lafiya tana ba ni umarni: in matse ruwan da tsumma sosai, in fasa ƙwai biyu, kar in zuba sai mai ya yi zafi. Latke suke ce wa abin. Shekarunta 89, wata takwas ke nan ina kula da ita, kuma ko a kwanakin da ciwo ya kwantar da ita ba ta yarda a haɗa kaskon nama da na kayan madara ba.

Bikin Hanuka na Yahudawa suke yi, yau dare na biyar. A shekara ta 164 kafin haihuwar Annabi Isa, mayaƙan Yahudawa da ake kira Makabiyawa suka ƙwato Haikalin Ƙudus bayan sun yi wa sarki Antiyokus tawaye. Yadda Yahudawa suka riƙe labarin, man fitila mai tsarki da aka samu na kwana ɗaya ne, amma ya kai kwana takwas yana ci. Shi ya sa ake yawan soye-soye a bikin.

Wajen ƙarfe huɗu da rabi rana ta faɗi. Na shiga ɗaki na yi magariba, ina fitowa sai ga jikanta da kwamfuta a hammata da ƙaramar lasifika. Yaro ne ɗan shekara 19, da 'yar hularsa a tsakar kai. Mama ta harari lasifikar. Ya ce, "Bubi, na haɗa miki wani abu." Ta ce, "Ba yanzu ba." Bai yi musu ba, ya ajiye kayan a ƙasa.

Wannan ya burge ni ƙwarai. Ya tura kekenta bakin taga, ya jera kyandir biyar daga dama, ya kunna wani ƙarin kyandir na tsakiya da suke kira shamash, wato mai hidima. Ya riƙe mata hannu saboda rawar da yake yi, suka yi addu'arsu da Ibrananci, babu kiɗa babu komai, suka kunna daga hagu. Ni ina bakin ƙofar kicin. Na juya zan wanke kasko, ta ce, "'Yata, bar shi. Mata ba sa aiki in kyandir na ci." Na zauna.

Sai a nan ya danna. Abin da ya fara fitowa muryarta ce. Ashe bara ya naɗe ta a waya tana rera tsohuwar waƙar yabon da suke yi bayan kunna wuta, wadda aka tsara a ƙasar Jamus wajen ƙarni na 13. Ya yanko layi ɗaya yana maimaita shi, ya sa masa ganga mai nauyi a ƙasa, shi kuma ya hau kai da baitocinsa, Turanci da Ibrananci a cakuɗe: mai, dare takwas, kakarsa da ta taso a wannan unguwa. Mama ta daure fuska. Can na ga yatsunta biyu suna buga hannun keke. Da aka zagayo kan muryarta sai ta bi, tana rera wa kanta amshi. Idona ya cika.

Da muka zauna cin abinci ya ce mini, "Anti, ba ni na fara ba." Ya ba ni labarin Nissim Black, baƙar fata ɗan Siyatil da ya shiga addinin Yahudanci ya koma Ƙudus a 2016 yana ci gaba da rap, da wani ɗan Kanada, Socalled, wanda tun 2005 ya ɗora karatun daren Idin Ƙetarewa a kan kiɗan hip-hop. Mama ta ce ita dai sharaɗinta ɗaya, a gama addu'a tukuna, kuma ranar Asabar, ranar hutun addininsu, kar ta ji motsin na'ura. Ni ma a nan na tsaya. Yaron ya san inda ibada ta ƙare, ya san inda wasa ya fara.

Na kama jirgin ƙasa lamba 4 zuwa unguwar Buronks. Gidanmu ba nisa da Sedgwick Avenue, inda aka ce DJ Kool Herc ya haifi wannan kiɗa a 1973. Na tarar da nawa ɗan a falo, kunne a toshe kamar kullum. Shekara nawa ina faɗa da shi kan wannan rap, Hausarsa kuwa ba ta wuce gaisuwa ba. Na zare masa abin kunnen, na rera masa waƙar tashe da muke yi muna yara a watan azumi. Ya yi shiru yana kallona, sannan ya jawo waya ya ce, "Umma, sake."